Aikin kwana uku ya tafi ta hanyar filasha: mu fara Git yanzu ko mu bari sai mun kare aiki?

Dan_Gwallameji
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mu huɗu ne muke aikin kammala karatu a nan Bauchi, manhajar ajiye bayanan majinyata ce ta ƙaramin asibiti, da PHP da MySQL muke rubuta ta. Tun da muka fara, kowa a ɗakinsa yake yin nasa, ranar Asabar mu haɗu a wurina, a kwafe folda a filasha, a zuba a kwamfutar ɗayanmu. Wani lokacin kuma mu matse foldar mu tura wa juna ta WhatsApp.

Makon jiya abokin aikina ya kwafe tsohuwar folda a kan sabuwa. Kwamfuta ta tambaye shi ko a maye gurbin fayilolin, ya amince. Shafin rajistar majinyata da na yi kwana uku ina fama da shi ya tafi gaba ɗaya. Ban ce masa komai ba don na san ba da gangan ya yi ba, amma ranar ko abinci ban iya ci ba.

An ce mini da muna amfani da Git da hakan ba ta faru ba. Saura mana mako bakwai mu kare aikin a gaban malamai. Mu tsaya mu koyi Git yanzu, ko mu lallaɓa yadda muke har mu gama? Sannan mene ne bambancin Git da GitHub? Ni dai duk abu ɗaya nake ganin su.

Injiniya_Tumfure
Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar da alheri. Ku fara yau ɗin nan, kada ku jira gobe. Abin da kuke buƙata don wannan aikin bai wuce umarni shida ba, kuma yini ɗaya ya ishe ku.

Git manhaja ce da take zaune a kwamfutarka, ba ta buƙatar intanet. Duk lokacin da ka ce mata ta ajiye, sai ta riƙe yadda fayilolinka suke a wannan lokacin, ta rubuta sunanka da ranar da bayanin da ka ba ta. Wannan ajiyar ita ake kira komit. Ko bayan wata uku ka so ganin yadda shafin rajistarka yake a ranar Talatar da ta wuce, za ta fito maka da shi. GitHub kuwa shafi ne na kamfani inda kake ajiye kwafin wannan tarihin don abokan aikinka su same shi. Akwai irinsa, GitLab da Bitbucket. Git ta girmi GitHub da shekara uku: ita ta fito a 2005, shi a 2008.

Abu_Sadiq99
Ni ban goyi bayan wannan shawarar ba, Injiniya, da girmanka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako bakwai ba lokaci ba ne, ga rubutun babi na huɗu da na biyar a gabansu. Na ga waɗanda suka shiga Git ana saura kwanaki, haɗe aiki ya rikice musu, suka rasa gane kan fayilolinsu. Su ci gaba da filasha, sai dai su riƙa sa kwanan wata a sunan kowace folda, kuma kada a sake kwafe wata a kan wata. In sun gama sai su zauna su koya a nitse.

Yar_Jekadafari
@Abu_Sadiq99 foldar mai kwanan wata ita na yi shekara biyu ina yi, kuma ita ta sa na koma Git. Sai da na tara folda goma sha huɗu na aiki ɗaya. Ran da mai aikin ya kira ni ya ce lissafin rasit ya daina fita daidai, ban san a wace folda na ɓata shi ba. Haka na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya daga bayan isha'i har aka yi kiran asalatu. Folda tana nuna maka cewa abu ya canza, amma ba ta faɗa maka layin da ya canza ko wanda ya canza shi. Kuma ni kaɗai ce a lokacin. Su fa su huɗu ne.

Abu_Sadiq99
Na yarda da wannan, Malama. Tsorona dai lokacin ne.

Mai_Linux_Bolari
Tun da an taɓo 2005, bari in ƙara. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, shi ya rubuta Git a watan Afrilun 2005. Kafin nan masu aikin Linux da wata manhaja mai suna BitKeeper suke amfani, sai aka samu saɓani, kamfanin ya janye izinin amfani da ita kyauta. Torvalds ya zauna ya rubuta tasa, a watan Yulin shekarar kuma ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano, wanda yake kula da ita tun daga lokacin. Dalilin da ya sa na kawo wannan: an gina Git ne don mutane masu yawa da suke warwatse a ƙasashe, kowa da cikakken tarihin aikin a kwamfutarsa. Wannan tsarin ya dace da mu sosai. An ɗauke wuta, data ta ƙare, kai dai kana ta komit abinka. Sai lokacin turawa kawai kake neman intanet.

Dan_Gwallameji
Na gode ƙwarai. Wannan maganar ta data ita ce ta biyu da ke damuna, domin ɗaya daga cikinmu yana zaune ne can wajen Gubi, sabis yakan yi masa wuya. Injiniya, wane ne umarni shidan?

Injiniya_Tumfure
Bayan ka saka Git, fara gaya mata ko kai wane ne, sau ɗaya ake yi: `git config --global user.name` da sunanka, sai `user.email` da imel ɗinka. Kowa a cikinku ya yi nasa a kwamfutarsa, don a san mai kowane komit.

Sai kai, da yake aikin yana hannunka, ka shiga foldar da ta fi kowace sabunta ka rubuta `git init`. Daga nan `git status` zai nuna maka abin da ya canza. `git add` kana zaɓar fayilolin da za su shiga ajiya, `git commit -m` kana ajiyewa tare da bayani. Ka buɗe rumbu a GitHub, wato wurin ajiye aikinku da tarihinsa, ka haɗa shi da foldarka, shafin da kansa zai nuna maka layukan da za ka kwafa, sai `git push` ya tura. Sauran ukun su yi `git clone` sau ɗaya don su sauko da aikin, daga nan kullum kafin su fara aiki su yi `git pull` don ɗauko abin da sauran suka tura.

In ka ƙirga za ka ga sun ɗan haura shida, amma init da clone sau ɗaya ne a rayuwar aikin. Na yau da kullum su ne status, add, commit, pull, push. Ka riƙe status da kyau. Duk lokacin da ka ruɗe, rubuta shi ka karanta abin da ya faɗa a hankali, sau da yawa shi da kansa yake gaya maka mataki na gaba.

Maganar data kuma, rubutu kawai ake turawa, kuma bambancin kawai. Hoto ɗaya da kuke tura wa juna a WhatsApp ya fi aikin yini guda nauyi.

Hauwa_Kod
Don Allah kafin ya yi add na farko a gaya masa maganar `.gitignore`, fayil ɗin da ake rubuta sunayen fayilolin da ba a so Git ta ajiye. Ni abin ya taɓa ci na. Na tura fayil ɗin da ke ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai da mabuɗin biyan kuɗi zuwa rumbun GitHub da kowa ke gani. Da na lura sai na goge fayil ɗin na sake turawa, na ɗauka shi ke nan. Ashe yana nan a cikin tarihi, duk wanda ya buɗe tsohon komit zai gan shi. Dole sai da na canza duk mabuɗan, na kira mai aikin na yi masa bayani, kuma ban ji daɗin wannan kiran ba ko kaɗan.

Ɗan'uwa, tun da PHP kuke yi, akwai fayil ɗin da kuka rubuta sunan rumbun bayanai da kalmar sirri a ciki. Ka sa sunansa a `.gitignore` tun kafin komit na farko. Haka foldar vendor in kuna amfani da Composer. Kuma manhajar asibiti ce, kada ku kuskura ku tura bayanan majinyaci na gaske ko da a rumbun sirri ne. Ku ƙirƙiri na gwaji.

Dan_Gwallameji
Na gwaji muke amfani da su, Yaya Hauwa, amma fayil ɗin kalmar sirrin da ban yi tunaninsa ba. Allah ya saka.

Bappa_Kashere
Rumbun sirri a GitHub ai na kuɗi ne, ko? Kuma na ji mutum uku kawai ake bari ka gayyata.

Mai_Linux_Bolari
Tsohon labari ne, Bappa. A Janairun 2019 suka mayar da shi kyauta da iyakar mutum uku, a Afrilun 2020 suka cire iyakar. Wannan duk bayan Microsoft ta sayi GitHub ne a 2018, kan dala biliyan 7.5. Ko da tsohuwar dokar ma su huɗu sun shiga, mai rumbu da mutum uku.

Bappa_Kashere
To madalla, na ƙaru.

Umar_Wunti
Ni tambayata daban ce. Me ya sa kullum sai an tura sabon shiga zuwa baƙin allo yana rubuta umarni? Ga GitHub Desktop, ga VS Code da Git a cikinsa, maɓalli kawai za ka danna. Ina koyar da yara a wata cibiyar kwamfuta kusa da kasuwar Wunti, kuma na lura rabin masu gudun Git baƙin allon ne yake korar su. Wanda ya ga layin da ya goge ya yi ja, wanda ya ƙara ya yi kore, nan take yake fahimtar abin da ake nufi da komit.

Injiniya_Tumfure
Malam Umar, ba na ƙin maɓalli, ni ma a VS Code nake duba bambancin fayiloli. Abin da na gani shi ne, ran da abu ya lalace, duk amsar da za ka samu a intanet da umarni aka rubuta ta. Wanda bai taɓa rubuta `git status` ba, a ranar zai tsaya cak. Sannan in ya fara aiki a kan sabar, wato kwamfutar da ake ɗora manhaja a kanta don jama'a su yi amfani da ita, babu maɓallin da zai danna a can.

Umar_Wunti
Sabar tana gaba, Injiniya. Yanzu mako bakwai gare su, kamar yadda Abu Sadiq ya faɗa. Su fara da abin da ba zai firgita su ba.

Yar_Jekadafari
Ku biyun kuna da gaskiya a wurina, amma ba wannan ne zai ba su wahala ba. Abin da zai ba su wahala shi ne ranar da mutum biyu suka taɓa layi ɗaya a fayil ɗaya. Gara a gaya musu tun yanzu don kada su ɗauka aikin ne ya lalace.

Dan_Gwallameji, ka saurara. Idan kai ka gyara saman fayil, abokinka ya gyara ƙasansa, Git za ta haɗe su da kanta ba tare da ta tambaye ku ba. Idan kuwa layi ɗaya kuka gyara, ba za ta zaɓa muku ba. Za ta tsaya ta ce an samu cin karo. In ka buɗe fayil ɗin za ka ga alamar `<<<<<<<` sannan naka rubutun, sai `=======`, sai na abokinka, sai `>>>>>>>`. Babu abin da ya ɓata, duka biyun suna nan a gabanka. Ka kira shi a waya, ku yanke wanda za a bari ko ku gauraya su, ka goge alamomin uku, ka yi add, ka yi commit. In kuma ka ji ka ruɗe, `git merge --abort` zai mayar da kai inda kake kafin ka fara.

Ka kwatanta da abin da ya same ka. Filasha ba ta tambaye ku komai game da abin da ke cikin fayil ba, ta dai danne naka da nasa. Cin karon da mutane ke tsoro shi ne ainihin kariyar da ka rasa makon jiya.

Shawarata, ku haddasa shi da gangan. Ku buɗe rumbun wasa mai fayil ɗaya, ku huɗun ku zauna wuri ɗaya, kowa ya canza layi na farko, ku tura. Ku warware shi sau uku ko huɗu. Awa ɗaya zai ɗauke ku.

Hauwa_Kod
Wannan atisayen shi ya cire mini tsoro nima. Gani ya kori ji.

Sani_Dev_Pantami
Kuma kada kowa ya yi `git push --force`. Ina maimaitawa, kada kowa ya yi. Idan ka tura Git ta ƙi karɓa, ma'anarsa wani ya riga ka turawa, sai ka yi pull tukuna. Wani abokin aikinmu ya ga ta ƙi, ya nemo amsa a intanet, ya kwafo wannan umarnin, ya share komit na mutum biyu daga rumbun. Allah ya taimake mu ɗayansu yana da su a kwamfutarsa, shi ya dawo da su.

Abu_Sadiq99
To kun ji irin abin da nake faɗa. Ga cin karo, ga share aikin mutane, ga tona kalmar sirri. Duk a cikin mako bakwai.

Sani_Dev_Pantami
Amma ka lura da ƙarshen labarin, ɗan'uwa: mun dawo da aikin cikin minti goma, saboda kowa yana da tarihin a wurinsa. Shi mai tambaya kwana ukunsa sun dawo? Ko a kwamfutarka ka yi ɓarna, akwai `git reflog` da yake riƙe da sawun inda ka bi na makonni, ka koma ka ɗauko komit ɗin da kake zaton ya ɓata. Abin da ba a taɓa yi wa komit ba ne kawai Git ba ta iya ceto.

Malam_Yelwa
Ina bin zancen tun safe. Ni malami ne, ina duba ayyukan ɗalibai, kuma akwai fa'idar da ba wanda ya ambata. Duk shekara sai an kawo mini ƙarar cewa mutum ɗaya ne ya yi aikin rukuni, sauran suka sa suna. Ba ni da hanyar tantancewa sai rantsuwa. Rukunin da ya kawo mini tarihin Git, ina buɗe `git log` in ga wanda ya yi me da ranar da ya yi. Ban ce yawan komit shi ne yawan aiki ba, wani zai yi guda ashirin na gyaran waƙafi, wani ya yi ɗaya mai nauyi. Amma in na karanta bayanan da suka rubuta, ina gane wanda ya san aikin.

Don haka ku rubuta bayani mai ma'ana. "Gyara" ko "sabo" ba bayani ba ne. Ku rubuta "an hana rajistar majinyaci ba tare da lambar waya ba". Da Hausa ma ya yi, Git ba ruwanta da harshe, har ɗ da ƙ tana karɓa.

Dan_Gwallameji
Allah ya ƙara girma, Malam. Tambaya: rubutun babi-babin namu na Word, shi ma mu sa shi a ciki?

Malam_Yelwa
Za ta ajiye shi, za ka iya komawa tsohon kwafi, amma ba za ta iya haɗe gyaran mutum biyu a fayil ɗin Word ba, domin ba rubutu tsantsa ba ne a wurinta. Wannan ku yi shi a Google Docs, ko ku raba babi, kowa da fayil ɗinsa. Kuma kada ku zuba bidiyon gwajin manhaja a rumbun, GitHub ba ya karɓar fayil da ya haura megabait 100.

Fati_Bcs
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Jiya na gwada turawa, ya tambaye ni kalmar sirri, na sa wadda nake shiga GitHub da ita, ya ƙi. Na canza ta, ya sake ƙi. Me nake yi ba daidai ba?

Mai_Linux_Bolari
Ba laifinki ba ne, ƙanwata. Tun 13 ga Agustan 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen turawa. Ko dai ki shiga saitin asusunki ki ƙirƙiri mabuɗin shiga na musamman ki liƙa shi a wurin kalmar sirrin, ko ki haɗa mabuɗin SSH. In Windows kike, Git ɗin da ake saukewa yana zuwa da wani mataimaki da zai buɗe miki burauza ki shiga sau ɗaya, ya riƙe. Tsofaffin bidiyoyin koyarwa ne suke ruɗa mutane a nan. Haka za ki ga suna cewa master alhali naki yana nuna main, wannan ma a Oktoban 2020 GitHub ya canza sunan babban reshe, wato babban layin aikin, na sababbin rumbuna.

Fati_Bcs
Ya yi! Burauzar ta buɗe, na shiga, ya tafi. Na gode Yaya.

Bappa_Kashere
Wanda ba shi da kwamfuta fa? Ƙanena waya kawai gare shi, yana son koyo.

Sani_Dev_Pantami
In Android ce ya saka Termux, manhajar rubuta umarni a waya, ya rubuta `pkg install git`. Duk umarnin nan za su yi aiki. Rubutu a ƙaramin allo akwai gajiya, amma don koyo ya wadatar.

Injiniya_Tumfure
Bari in dawo kan ɗan'uwanku na Gubi, na manta ban ƙarasa ba. In sabis ya gagara kwata-kwata, filashar taku ma za ta iya zama rumbu. Ka shiga cikinta ka yi `git init --bare`, kowa ya haɗa foldarsa da ita, ranar Asabar ku riƙa push da pull a kanta kamar yadda za ku yi da GitHub. Filasha ɗaya ce da wadda ta cinye maka aiki, amma yanzu Git ce take tsaye a tsakani, ba za ta bari wani ya danne na wani ba. Na yi haka da wasu yara a Dukku.

Maganar reshe kuma, wato layin aiki na daban da mutum zai yi gyaransa ba tare da ya taɓa na sauran ba, ban kawo ta ba da gangan. Daidai shi ne kowa ya buɗe reshensa da `git switch -c`, ya gama, wani ya duba, sannan a haɗe da babban reshe. Haka ake yi a wurin aiki. Amma a makon farko ku zauna a reshe ɗaya, ku raba fayiloli, har hannunku ya faɗa.

Yar_Jekadafari
A nan kam mun saɓa, Injiniya. Mutum huɗu a reshe ɗaya, ran da ɗaya ya turo abin da bai gama ba, manhajar kowa ta tsaya. In ranar mai duba aikinsu ya ce su kawo ya gani fa? Reshe umarni ɗaya ne. Su koye shi tun farko, babban reshe ya zama kullum yana aiki.

Umar_Wunti
Ina bayan Malama a wannan. A GitHub Desktop ma buɗe reshe danna biyu ne.

Dan_Gwallameji
Ga inda muka kwana. Jiya bayan la'asar mun haɗu mu uku, na Gubi bai samu zuwa ba. Mun yi atisayen da Yaya ta Jekadafari ta ce. Karo na farko mun bar alamar `=======` a cikin fayil muka yi commit, sai da shafin ya nuna kuskure muka gane. Na uku ya tafi lafiya. Ainihin aikin yanzu yana GitHub a rumbun sirri, fayil ɗin kalmar sirri yana `.gitignore`, na duba da idona ba ya can. Wanda ya danne mini aiki shi ya fi kowa saurin kamawa, shi ne ma ya nuna mini yadda ake duba bambanci a VS Code.

Reshe dai ba mu taɓa ba tukuna, biyu suna so, ni ina jin tsoro. Sannan wata sabuwa ta taso: kod ɗin yana tafiya daidai tsakaninmu, amma rumbun bayanan MySQL kowa da nasa a kwamfutarsa. Na ƙara sabon gurbin bayani a teburin majinyata, na tura, manhajar abokina ta ƙi tashi don teburinsa ba shi da shi. Wannan yaya ake yi da shi?

Abu_Sadiq99
Tun da kun riga kun shiga, Allah ya ba da sa'a. Ni dai ka ci gaba da ajiye kwafi a filasha duk Juma'a, ba zai rage ka da komai ba.

Hauwa_Kod
Na teburin, ku buɗe folda a cikin rumbun Git ɗinku, duk wanda ya canza tsarin tebur ya rubuta umarnin SQL ɗin a sabon fayil mai lamba, 001, 002, haka, ya tura tare da kod ɗin. Wanda ya yi pull ya ga sabon fayil sai ya gudanar da shi a phpMyAdmin. Da Laravel kuke yi ko PHP zalla? In Laravel ne akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi.

Dan_Gwallameji
PHP zalla ne, Yaya. Bari in gwada na lambobin yau da dare in an kawo wuta.